Ungozomar Dawce ma tana da haƙƙi a rumbun binciken jami'a

A shekarar 2023 mujallar Lancet Global Health ta wallafa wani bincike da aka gudanar a asibitocin Nijar tsawon shekaru 6. Ya nuna cewa matakai masu sauƙi, da suka haɗa da ƙwayar misoprostol da rigar da ke matse jikin mai jego, sun rage mace-macen zubar jini bayan haihuwa da fiye da rabi. A wannan shekarar dai gwajin E-MOTIVE, wanda masanan Jami'ar Bayero ta Kano suka taka rawa a cikinsa, ya gano cewa auna jinin da ya zuba da wata leda mai ma'auni, tare da haɗa magunguna a lokaci guda, na rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Dukkansu da Ingilishi aka rubuta su. Ungozomar da ke kwana a bakin aiki a Dawce, kusa da Matamaye, da Faransanci ta yi karatu, da Hausa kuma take magana da mai naƙuda. Ko da ta ji labarin binciken, ina za ta nemo shi?

Hanyar dai tana nan, ba kuma ta kuɗi ba ce. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari, wanda yanzu ke ƙarƙashin Research4Life, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ake bai wa dubban mujallu kyauta. Sai dai cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, galibi kuma lambar sirrin na hannun mai kula da ɗakin karatu. PubMed a buɗe yake ga kowa, haka ma LiSSa da ke tattara binciken lafiya na Faransanci. CINAHL, wanda ya fi maida hankali kan jinya da ungozomanci, shi ne mai tsada.

Saboda haka ya kamata Jami'ar André Salifou da makarantar ENSP ta Damagaram su ɗauki neman bincike a matsayin darasi mai jarrabawa: yadda ake zaɓar kalmomi, da yadda ake bambance gwaji mai inganci da ra'ayin mutum guda. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kada damar ta yanke ranar da ɗaliba ta karɓi takardar kammalawa, domin a ƙauye ne tambayoyi masu wuya ke tasowa, da tsakar dare, babu likita kusa.

Asibitoci ma sun cancanci rajistar Hinari, don haka hukumomin lafiya na gundumar Kance na iya nema wa ma'aikatansu. 'Yan Damagaram da ke aikin jinya a Faransa ko Ingila kuwa, taƙaita bincike guda a shafi ɗaya cikin Faransanci ko Hausa, a tura ta WhatsApp bayan malaman jami'a sun duba, aiki ne da za su iya farawa a wannan watan.