Abin da Ke Sa Shafin Banki Ya Fitar da Mai Asusu

Sau da yawa mutum kan shiga asusunsa na banki ta intanet, ya tashi ya amsa sallamar baƙo, da ya komo sai ya tarar an fitar da shi, ana so ya sake rubuta kalmar sirri. Waɗansu kan zaci na'ura ce ta lalace, alhali kuwa da gangan aka shirya haka.

Asalin maganar shi ne, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin ba ta gane fuskar kowa. Da zarar mutum ya ba da sunansa da kalmar sirri, sai ta ba na'urarsa wata doguwar lamba, kamar tikitin jirgin ƙasa. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya ƙago hanyar ajiye irin wannan shaida a 1994. To, duk wanda ke riƙe da tikitin nan, ko da ɓarawo ne, shi ne mai asusu a wurin kwamfuta. Watau wanda ya bar shafinsa a buɗe a ofis ko a shagon intanet, tamkar ya bar makulli ne a jikin ƙofa. Don haka in an jima ba motsi, sai kwamfutar ta soke tikitin.

Hukumomi ma sun sa baki. Wata dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2019 ta ƙayyade wa bankuna kada wannan jira ya wuce minti 5. Ƙa'idar da manyan kamfanonin katin kuɗi suka shimfiɗa kuwa ta tsaya a kan minti 15.

Amma fa abin yana da nasa cikas. Dattijo, ko makaho mai aiki da na'urar karanta rubutu, yana iya tsakiyar cika fam a rufe masa, wahalarsa ta tafi a banza. Shi ya sa ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu suka nemi a gargaɗi mutum tukuna, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙarin lokaci.

Duk da haka, bai kamata mai asusu ya dogara da agogon banki ba, gama minti 5 ya ishi mugu ya kwashe kuɗi. In ya gama, ya danna wurin fita da hannunsa, domin rufe shafi kawai ba lalle ya soke tikitin ba. Masu iya magana sun ce kula da kaya ya fi ban cigiya.