Abin Da Ke Cikin Ƙaramin Kofi

A shekarar 2021 wani kamfani a birnin Minneapolis na Amurka ya fitar da wani wiski mai suna Keeper's Heart. Gauraye ne na barasar Ailan da ta Amurka. Masu ɗanɗanon irin wannan abu ba su cika kofi. Su kan zuba kaɗan, su sansana, su ɗiga ruwa, sa'an nan su kurɓa a hankali. Ba muna kiran kowa ga shan barasa ba ne. Ƙarfin wiski ya kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, ya fi burukutu nesa ba kusa ba, ya kuma rushe gidaje da yawa. Amma akwai abin koyo ga manomi a yadda ake yinsa.

Me suke nema a kofin? Barasar Ailan da sha'ir aka fi yinta. Akan tsirar da shi kamar yadda ake tsirar da dawa, sau da yawa kuma akan dafa a tara tururin har sau uku. Shi ya sa ta kan fito da taushi da ƙanshin 'ya'yan itace. Ta Amurka kuwa daga masara ko hatsin rai take. Masara ta kan ba da zaƙi, hatsin rai ya kan ba da yaji. Mai gauraya yana so taushin wannan ya kwantar da zafin waccan.

Dokar Ailan ta ce sai barasa ta kwana shekara 3 a gangar katako kafin a kira ta wiski. Dokar Amurka ta ce wadda ake kira Bourbon sai masara ta kai kashi 51 cikin 100, a kuma zuba ta a sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Ganga ba ta yin Bourbon sau biyu. Amma ba a jefar da ita. Akan sayar wa mutanen Ailan su adana tasu a ciki. Dusar da ta rage kuwa dabbobi ke ci.

A shekarar 1794 manoman yammacin Pennsylvania sun tayar wa gwamnati saboda harajin wiski. Hanyoyinsu ba su da kyau, kai hatsi kasuwa ta kan duwatsu hasara ne, don haka suka riƙa mai da shi barasa mai sauƙin ɗauka. Matsalar hanya da kasuwa ba baƙuwa ba ce a gare mu.

A ganinmu, abin da masu ɗanɗano ke yabo shi ne haƙuri, da ma'auni na gaskiya, da rashin ɓarna. Mu kuwa mu kan sayar da masara da kaka, lokacin da take arha, mu saye ta da tsada da damina. Ba a ce mu ajiye shekara 3 ba. Rumbu mai kyau, da hatsi busasshe, da ƙungiyar da za ta riƙe buhunan 'yan watanni, sun isa su canza lissafin gida.

'Yan'uwa manoma, bana kafin ku ɗora buhu a kan jaki ko mota, ku zauna da ƙungiyarku ku yi shawara. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo.