Waƙar Ce Ba Ka So, Ko Masu Jin Ta?

A watan Afrilun 2025 Hisbar Kano ta hana sauraron waƙar "Amanata" ta Hamisu Breaker, bayan mata sun cika TikTok da hawa kanta. Haka aka yi a 2022, lokacin da "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja ke tashe, har wasu lauyoyi suka garzaya kotun shari'ar Musulunci. Duk sanda aka yi haka, sai mu rabu gida biyu a soshiyal midiya: masu cewa an ɓata tarbiyya, da masu cewa hassada ce kawai. Amma fa ƙin waƙa ba dalili ɗaya gare shi ba, mu ne muke cakuɗa su.

Na farko sabo ne. Kunne yakan riƙe abin da ya ji a ƙuruciya. Dattijon da ya tashi da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos a Rediyon Kaduna, in ya ji kiɗan fiyano da muryar da kwamfuta ta gyara, hayaniya kawai yake ji. Kar mu yi masa dariya. Yayyenmu da suka yi samartaka da waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ai ga su nan sun fara cewa yaran hip-hop ba su iya komai ba. Mu ma layinmu na zuwa.

Na biyu shi ne wanda ba ma son faɗa: sau da yawa masu jin waƙar muke rainawa. Za ka ji an ce "wannan ai waƙar ƙauyawa ce", ko "waƙar mata". Ɗalibin da ke jin Burna Boy a kunnensa yana yi wa mai jin nanaye kallon wanda bai waye ba, shi kuma yana yi masa kallon ɗan ƙarya. Dubi Rarara. Mutum zai taka rawar kiɗansa yau, gobe ya ce ko sautinsa ba ya son ji, alhali muryar ba ta canza ba, gwanin da yake yi wa waƙa ne ya canza.

Na uku dole. Waƙar da ka ji a Adaidaita, ka ji a shagon caji, ka buɗe waya ta tare ka a bidiyo goma a jere, ko zuma ce sai ta gundure ka.

Sai na huɗu, batun batsa, kuma nan ne ƙorafin yake da nauyi. Gaskiya ne mawaƙan da ma ba waliyyai ba ne. Shata ya yi zambo mai zafi, Barmani Choge ta yi kalaman da ba a faɗa gaban suruki. Sai dai Barmani a cikin gida take buga ƙwaryarta, a taron mata ranar biki, kowa ya san wa ke wurin. Yanzu babu katanga. Baitin da aka yi don matan aure yana cikin wayar da ɗan shekara goma ke riƙe da ita. Uwar da ta damu da wannan ba ƙauyanci ke damunta ba, kuma mawaƙin da ya ce "don ma'aurata na yi" ya san sarai ba su kaɗai za su ji ba.

Shi ya sa kafin ka yi sharhi, ka tantance wanne ne naka. In kalaman ne, fito da hujja ka faɗi abin da ke cikinsu, ka daina tura bidiyon da sunan Allah wadai, don turawar nan ita ke ƙara masa kasuwa. Ko hanin hukuma ma yakan sa wanda bai taɓa jin waƙa ba ya tafi nemanta. In kuwa kiɗan ne kawai bai yi maka ba, ɗan'uwa, wuce abinka. Ba sai ka zagi iyayen wanda ya yi masa daɗi ba.