Mai Goyo A Fagen Kokawa

 Yau za mu duba al'amarin wata 'yar ƙasar Faransa mai suna Clarisse Agbegnenou, wadda asalin iyayenta mutanen Togo ne. Sana'arta Judo, wato kokawar mutanen Japan, inda akan kama rigar abokin karawa a kayar da shi da baya, ko kuwa a danne shi a ƙasa har daƙiƙa 20.

An haife ta bakwaini a shekarar 1992, shekarar da aka fara ba mata lambobin yabo na Judo a wasannin Olamfik. Da ta girma sai ta gagari mata a ajin masu nauyin kilo 63. Ta zama zakarar duniya a 2014, da 2017, da 2018, da 2019, da kuma 2021. A Olamfik na Rio a 2016 wata 'yar Sulobeniya, Tina Trstenjak, ta kayar da ita a karon ƙarshe, ta tashi da azurfa. Da suka sake haɗuwa a Tokyo a 2021 sai ta rama, ta ɗauki zinariya.

To, a watan Yuni na 1992 da shekara talatin, wato 2022, sai ta haifi 'ya mace. A da, haihuwa kan zama ƙarshen wasan mace da yawa, domin ciki da jego sukan raba ta da motsa jiki na watanni, ga kuma jaririn da ba a barinta ta shiga da shi wurin gasa. Clarisse ta ƙi yaye 'yarta saboda wasa. Ta nemi izni, hukumar Judo ta duniya kuwa ta yarda ta riƙa shayar da ita a ɗakin da 'yan wasa ke shiri. A watan Mayu na 2023, a birnin Doha, ta zama zakarar duniya karo na shida, 'yarta ba ta ko cika shekara ba.

Ba ta tsaya nan ba. Kafin Olamfik na Paris a 2024 ta kai kukan masu shayarwa gaban shugaban ƙasarsu, aka kuwa tanadar musu ɗakuna kusa da masaukin 'yan wasa. A gasar ta sami tagulla ita kaɗai, da zinariya tare da ƙungiyar ƙasarta.

Abin lura a nan shi ne, ƙarfin hali kaɗai bai isa ba. Da hukumomi sun ƙi sassauta doka, da dole ta zaɓi ɗaya, ko goyo ko fage. Haka malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti mai jego take bukatar wurin shayarwa da lokacinsa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna shekara biyar ta yi tana shiri kafin ta rama kayen Rio. Sai mun sake saduwa.