Bidiyo ba ya gumi

Jama'a, don Allah mu daina yi wa hoton kwamfuta tafi.

Yayin da ake ciki kenan: ko ramin tushe ba a haƙa ba, an saki bidiyo na minti biyu. Gini duk gilashi, bishiyoyi kore shar, mutane na yawo kamar ba a taɓa ɗauke musu wuta ba. Mu kuma sai turawa a WhatsApp, har da "aiki ya yi kyau". Wane aikin?

Ku dubi Saudiyya. A 2021 Yarima Muhammad bin Salman ya sanar da birnin The Line, a 2022 aka fito da hotunansa: tsawo kilomita 170, tsayi mita 500, faɗi mita 200, bango duk madubi, mutum miliyan 9. Zuwa 2024 rahotanni na cewa abin da ake sa ran gamawa nan da 2030 bai wuce kilomita 2.4 ba. Masu kuɗin fetur kenan fa! Mu ma a 2014 an nuna mana Centenary City a Abuja. Sama da shekara goma, ina birnin da muka gani a hoto?

Amma wallahi wanda ba a gina ba ya fi sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda aka gina don allo. Mai zane ya san bidiyo zai ba shi kwangila, sai ya zana abin da zai burge kyamara daga sama. Kyamara ba ta hawa bene da ciwon gwiwa, ba ta bin layi cikin rana. A kafa bangon gilashi yana kallon yamma a Kano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ai tanda aka gina. Sai na'urar sanyaya ɗaki, sai janareto, sai dizal, duk daga aljihun talaka. Shiga Gidan Makama da azahar ka ji abin da bangon ƙasa mai kauri da ƙaramar taga ke yi ba tare da ko fanka ba.

Ba kwamfutar nake zagi ba. Ita ɗin dai tana iya lissafa inda rana za ta bugi gini da ta inda iska za ta shiga, tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya. To duk wanda ya kawo mana bidiyo, namu ne ko nasu, mu ce ya nuna mana cikin ginin da ƙarfe biyu na rana, babu wuta.