Makin Jarrabawar Jihohi a Amurka da Yaran da Alƙaluma Ke Ɓoyewa

A Amurka harkar ilimi a hannun jihohi take, saboda haka kowace jiha ce ke tsara jarrabawar da take auna ɗalibanta da ita gab da ƙarshen shekarar karatu, ita ke zaɓen tambayoyi, ita kuma ke yanke makin da yaro zai kai kafin a ce ya ƙware. Jarrabawa ce ta bai-ɗaya, wato tambayoyi da hanyar ba da maki iri guda ga duk yaran aji guda a faɗin jihar. Sharhin na yau ya karkata ne ga makarantun tsakiya, masu aji shida zuwa takwas, inda ake samun yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kwatankwacin ƙaramar sakandare ke nan, domin a wannan mataki ne lissafi ke tashi daga tarawa da ninkawa ya shiga aljabara, kuma yaron da ya iso nan bai iya karatu da fahimta ba sai kowane darasi ya gagare shi.

Asalin wannan tsari doka ce da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Janairun 2002, wadda aka laƙaba wa suna Kada a Bar Wani Yaro a Baya. Dokar ta wajabta wa jihohi su jarraba kowane yaro a fannin karatu da lissafi duk shekara, tun daga aji uku har aji takwas, su kuma fitar da sakamakon kashi-kashi, a ga na 'ya'yan talakawa daban, na baƙaƙen fata daban, na masu buƙata ta musamman daban. Wannan alheri ne da bai kamata a raina ba, domin kafin nan makaranta na iya fakewa da ƙwazon 'ya'yan masu hali ta lulluɓe gazawar sauran. Sai dai dokar ta ɗora buri mai wuyar cimmawa, cewa zuwa shekarar 2014 kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa, kuma makarantar da ta yi ta gazawa shekara bayan shekara ana iya sauya mata shugabanci ko a sallami malamanta.

Tun da kowace jiha da irin mudun da take awo da shi, wasu sai suka rage girman mudun. A shekarar 2005 jihar Tenesi ta ba da rahoton cewa kashi 87 cikin 100 na 'yan aji takwas sun ƙware a lissafi, alhali jarrabawar tarayya mai suna NAEP ta nuna kashi 21 ne kacal. Ita NAEP ba kowane yaro ake yi wa ita ba, ana ɗibar samfuri ne daga kowace jiha, ba a ba wa ɗalibi makinsa, kuma ba a hukunta malami a kanta, shi ya sa babu wanda ke da dalilin yi mata maguɗi, shi ya sa kuma masana suka fi amincewa da ita.

Inda ba a rage mudu ba, wani lokaci takardun amsa aka taɓa. A birnin Atlanta na jihar Jojiya, binciken da gwamnatin jihar ta fitar a 2011 ya gano cewa malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 suna da hannu a maguɗin jarrabawar 2009, kuma makarantar tsakiya ta Parks na cikin waɗanda abin ya fi muni. Malamai kan keɓe da takardun yara bayan an tashi, su goge amsar da ba daidai ba, su cike ta daidai da fensir, kuma yawan gogewar da na'ura ta ƙirga ne ya tona asirin, domin kusan duk gyaran daga kuskure zuwa daidai yake tafiya. A watan Afrilun 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Waɗanda aka fi cuta a wannan badaƙala su ne yaran, domin an rubuta cewa sun ƙware, sai aka hana su ƙarin darasin da suke da haƙƙin samu, suka wuce babbar sakandare da giɓin da ba wanda ya cike musu. A ƙarshen shekarar 2015 ne Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara yadda take, amma ta mayar wa jihohi ikon yanke matakin da za a ɗauka kan makarantun da suka gaza.

Mai sauraro zai iya cewa, in haka ne a yi watsi da jarrabawar mana. Wannan kuskure ne, domin ma'aunin da ba a iya murɗewa yana nuna cewa matsalar gaskiya ce. Makin lissafin 'yan aji takwas a NAEP ya kai ƙololuwarsa a 2013, daga nan ya fara ja da baya tun kafin annobar korona, sannan tsakanin 2019 da 2022 ya faɗi da maki takwas, faɗuwa mafi girma a tarihin jarrabawar, inda waɗanda suka kai ƙwarewa suka ragu daga kashi 34 zuwa 26. Gwamnatin tarayya ta zuba kusan dala biliyan 190 don farfaɗo da makarantu, amma sakamakon 2024 ya nuna lissafin bai motsa ba, karatu kuma ya ƙara sauka, har kashi ɗaya bisa uku na 'yan aji takwas suka kasa kai ko matakin farko na fahimtar rubutu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yaran da ke sama sun fara farfaɗowa a lissafi, na ƙasa kuwa suna ƙara nutsewa, matsakaicin maki kuma yana haɗa biyun ya ɓoye tazarar. Yawan fashin makaranta, wanda ya kusan ninkawa bayan annobar, yana cikin dalilan, domin darasin aljabara kan ginu ne bisa na jiya.

Saboda haka jihar da ke son a yarda da alƙalumanta wajibi ne ta riƙa buga sakamakonta kafaɗa da kafaɗa da na NAEP, ta bayyana duk lokacin da ta sauya makin ƙwarewa, ta kuma fitar da makin yaran da ke can ƙasa daban, sannan ta tura musu malaman ƙarin darasi tun suna aji shida.