A NEMI MAI SAYE KAFIN A HAƘA TAFKI

Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL kuma a 2007, iyayenmu da yawa suka shiga neman abin yi. Daga Barnawa zuwa Sabon Tasha har Gonin Gora, ba wuya ka ga kwatami a bayan gida cike da tarwaɗa. Wasu sun samu, wasu kuwa sun zuba ɗan kuɗin sallamarsu a ruwa ya tafi. Shi ya sa yanzu ake jin masu cewa a bar tarwaɗa a koma kiwon kifin nan da Turawa suka kawo mana, wanda ake kira kaf. A ganina, ya kamata a yi lissafi tukuna.

Kaf ba baƙo ba ne a Arewa. An buɗe gonar kifi ta Panyam a Filato a 1951, cikin waɗannan shekaru kuma aka kawo irinsa daga Turai. A ƙasar Sin da Indiya, shi da danginsa ne kan gaba cikin kifayen da ake kiwo.

Masu yabonsa suna da hujja. Tarwaɗa maciyar nama ce, abincinta kaɗai yakan cinye fiye da rabin kuɗin mai kiwo, farashin buhu kuwa yana bin na dala. Kaf ba ya da tsani. Yana tonon tsutsotsi a cikin laka, yana cin dusar masara da ta shinkafa da ƙuli-ƙuli. In aka zuba kashin kaji ruwan ya yi kore, an rage masa rabin cefane. Haka kuma ya fi tarwaɗa jure sanyin hunturu.

To, amma akwai abubuwa uku da ba a cika faɗa ba. Na farko, fili. Tarwaɗa tana shaƙar iska a saman ruwa, don haka ana iya cunkusa ɗaruruwa a kwatamin siminti. Kaf kuwa sai tafkin ƙasa mai faɗi. Wa ke da irin wannan fili a Narayi ko Television, inda fuloti ya zama zinariya? Na biyu, ambaliya. Filin da ke da araha da ruwa yana bakin kogin Kaduna ne, wanda ya ga ambaliyar 2003 da ta 2012 kuwa ya san dare ɗaya ya isa kogi ya kwashe wahalar shekara. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne kasuwa. Mai farfesu da mai banda tarwaɗa suke nema, domin takan daɗe da rai a cikin baho, ba ta kuma da ƙananan ƙayoyi. Kaf yana da ƙaya cikin tsoka, mutanenmu kuma ba su saba da shi ba. Kifi ba masara ba ne da za a zuba a rumbu a jira tsada. Duk ranar da ya ƙara a tafki bayan ya isa sayarwa, riba yake ci.

Saboda haka, shawarata ita ce, mai ɗan fili a cikin gari ya riƙe tarwaɗarsa, ya koyi haɗa abinci da kansa. Mai gona a wajen gari, kamar hanyar Kujama, ya gwada kaf kaɗan tare da karfasa, ya ga ko za a saya kafin ya faɗaɗa.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu fita bana, lissafin da muke gudu a aji shi ne jarin farko a wannan sana'a. Ku rubuta kuɗin iri, da na abinci, da na man injin ban ruwa, ku cire kifin da zai mutu, sa'an nan ku je kasuwa ku tambayi farashi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu sa'a.